Amsa Gaisuwa a Gobir: Tarihin Kalmomin Larabci a Bakin Mutanen Sabon Birni da Isa

Baƙon da ya isa Burkusuma, wani gari na ƙasar Sabon Birni kusa da iyakar Nijeriya da Nijar, in ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, "Salamu alaikum," abin da zai jiyo daga ciki shi ne, "Amin, alaikumus salamu." In mai gida ya fito sai ya ce, "Maraba, an iso lahiya?" baƙo ya ce, "Lahiya lau." A tambaye shi labari, ya ce, "Sai alheri." A tambaye shi mutanen gida da gajiyar hanya, ya ce, "Alhamdu lillahi." Kafin a shimfiɗa masa tabarma, kusan kowace kalma da ta ɗauki nauyin zancen nan daga Larabci ta fito. Amma su biyun, in ba malamai ba ne, sallama da hamdala kaɗai za su yarda Larabci ne. Lahiya da alheri da maraba kuwa, a wurinsu Hausa ce tsantsa, wadda suka tashi suka ji a bakin kakanninsu. Suna da gaskiya ta wani fanni, gama kalmomin nan ba rana ɗaya suka shigo ba, ba kuma ta ƙofa ɗaya ba. Waɗansu sun daɗe har sun rikiɗe, waɗansu an yi jayayya a kansu tsakanin fada da malamai, waɗansu kuwa jiya jiya suka iso.

Ƙasar da ake zance a kanta ita ce ta gaɓar gulbin Rima, inda kufan Alƙalawa yake. Gobirawa, bisa ga tarihinsu, daga Azbin suka gangaro kudu sannu a hankali, suka zauna Birnin Lalle da waɗansu wurare, har suka shigo ƙasar Zamfara. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir. An ruwaito cewa wurin gonar Alƙalin Zamfara ce a da, shi ya sa aka kira shi haka. In ruwayar nan ta inganta, to, sunan birnin kansa shaida ne cewa tun kafin Jihadi akwai alƙali da shari'a da kalmar Larabci a wannan kwari.

Kalmomin da suka fi tsufa ana gane su ga irin cin da baki ya yi musu. Lafiya asalinta al-afiya, da harafin aini a tsakiya wanda maƙogwaron Bahaushe bai saba da shi ba. Aini ya faɗi, wasalin farko ya faɗi, lamun nan na ma'arifa ya manne wa kalmar ya zama kamar nata. Haka ya faru ga labari daga al-khabar, da lada, da laifi, da lahira, da lokaci daga al-waƙt. Cikin 1947 Joseph Greenberg, masanin harsuna na Amurka wanda ya zauna ƙasar Kano wajen 1938 yana binciken Maguzawa, ya buga maƙala a kan kalmomin Larabci cikin Hausa, ya kasa su kashi biyu. Kashi na farko ya ce daga Larabcin baka ya fito, irin na fatake da matafiya, na biyu kuwa daga Larabcin littafi, ta hannun malamai. Cikin 1960 ya ƙara da cewa waɗansu kalmomi, kamar karatu da rubutu da kasuwa, ta bakin Barebari suka biyo. Mervyn Hiskett, cikin 1965, ya fi jingina al'amarin ga malamai da littattafansu, ya haɗa shi da zuwan Wangarawa Kano zamanin Sarki Yaji, wanda Tarihin Kano ya sa tsakanin 1349 da 1385. Jayayyar nan ba ta ƙare ba, amma ga kalmomin gaisuwa ra'ayin Greenberg ya fi kama hankali. Gaisuwa ita ce farkon abin da baƙo ke koya a kasuwa, kuma ba a bukatar allo kafin a iya ta. Baraka da ta koma barka, da marhaban da ta koma maraba, ba su yi kama da kalmomin da aka biya a gaban malami ba, domin malami ba zai bar ɗalibi ya haɗiye harafi biyu ya wuce ba.

Abin lura kuma, sau da yawa kalma ɗaya ta shigo sau biyu. Ga barka ta gaisuwa, ga albarka ta noma da haihuwa da sa bakin iyaye. Ga maraba ta kowa da kowa, ga marhabin ta mawaƙa da masu jawabi. Ga alheri, ga hairan ta malamai. Kowane biyu daga cikin waɗannan tushensu ɗaya, sai dai ɗaya ta riga ɗaya zuwa, kowace kuma ta kama nata aiki, ba su ture juna ba.

A Gobir sai aka ƙara wa lafiya wani sauyi. Hausar yamma, watau ta Sakkwato da Gobir da Zamfara da Adar, tana maida fa ya koma ha a gaban wasalin i, shi ya sa ake jin tahiya da littahi da lahiya, a gaban wasalin a kuma a ji hwari da hwata. Kalmar aro da ta bi dokar lafazin gari kamar yadda 'yan gida suka bi, lalle ta daɗe a gidan. Ba Hausawa kaɗai suka karɓe ta ba. Yarabawa, abokan wasan Gobirawa, suna cewa alafiya, Dagwamba na ƙasar Gana su ma suna da ita cikin gaisuwarsu, ana kuma kyautata zaton fataken goro sun taimaka wajen yaɗa ta kudu.

Ma'anarta ma ta faɗaɗa. A Larabci al-afiya ita ce kuɓuta daga cuta da bala'i, tushenta ɗaya da afuwa. Bahaushe ya riƙe wannan, sa'an nan ya ɗora mata zaman lafiya, da sauka lafiya, da rabuwa lafiya, har ya ƙera lafiyayye daga jikinta kamar yadda yake ƙera gyararre daga gyara. Wanda aka buga wa ƙofa da tsakar dare ba abin da zai fara cewa sai, "Lafiya?" Saboda haka in Bagobiri ya ce lahiya lau, ba zancen jikinsa kaɗai yake yi ba, yana nufin gida da gari da hanya duk ƙalau suke.

"Sai alheri" ta cancanci a tsaya a kanta. Alheri Larabci ce, amma ginin jimlar na wannan yanki ne. Buzaye, maƙwabtan Gobir ta arewa, in an gaishe su sukan ce alkher ghas, watau alheri kaɗai. Fulani su ce jam tan, lafiya kaɗai. Zabarmawa su ce baani samay, ma'ana ɗaya. Harsuna huɗu dabam dabam, ƙirar amsa ɗaya: a ambaci abu mai kyau, a kore duk wani abu da ba shi ba. Buzaye da Hausawa sun zuba kalmar Larabci cikin wannan ƙira, Fulani da Zabarmawa sun bar tasu. Wannan yana nuna al'adar amsa gaisuwa da alheri tun kafin a faɗi abin da ke tafe da mutum ta riga Larabci zama a nan. Kowa ya san manzon da ya zo da labarin rasuwa, in an ce masa, "Ina labari?" sai ya ce, "Sai alheri," sa'an nan ya gyara zama ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba a ɗaukar wannan ƙarya, ladabi ne na shigar da magana.

Sallama da amsarta wani al'amari ne dabam, gama su hukunci ne ya kawo su. Aya ta 86 ta Suratun Nisa'i ta umurci wanda aka gaisar ya mayar da abin da ya fi, ko kuwa kwatankwacinsa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu cikin 996, shi ne ya fi kowane littafi shimfiɗa wannan hukunci a makarantun zaure na ƙasar Hausa, inda ɗalibi ke isa gare shi bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya. A can wajen ƙarshensa akwai babi na sallama da neman izini. A ciki aka bayyana fara sallama sunna ce, mayar da ita kuwa wajibi. In mutum ɗaya cikin jama'a ya amsa ya ɗauke wa saura. Na bisa dabba shi ke yi wa na ƙasa, mai tafiya ya yi wa na zaune. Iyakar tsawon sallama shi ne ambaton albarka, ba a ƙara kome bayansa. Neman izini sau uku ne, in ba a amsa ba mutum ya juya. Musafaha abin so ce, amma Imamu Malik bai so runguma da sumbatar hannu ba. Duk wanda ya san zauren Bahaushe zai ga dokokin nan suna tafiya a cikinsa har ga wanda bai taɓa buɗe Risala ba. Ko kalmar sallama kanta Hausa ta ba ta aiki biyu, ta shiga da ta fita, har ta kai ga sallamar ma'aikaci daga aiki da sallamar mai bin bashi.

A nan ne tarihin Gobir ya shigo sosai. Fadar sarakunan Hausa tana da tata gaisuwa tun da daɗewa, watau faɗuwa da afi, mutum ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya zuba a ka. Ibn Batuta ya ga irin wannan a fadar Mali cikin 1352, ya kuwa lissafa shi cikin abubuwan da bai ji daɗinsu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin 1754 ya zauna Degel, duka a ƙasar Gobir, ya sa babin sallama da neman izini cikin littafinsa Ihya'us Sunna, ya ƙidaya sunkuyawa wajen gaisuwa cikin bidi'o'i. Cikin Kitabul Farƙi, wanda Hiskett ya buga tare da fassarar Turanci cikin 1960, an lissafa zuba ƙasa a ka wajen gaida sarki cikin halayen mulkin da ake suka. Ya kamata mai karatu ya tuna littafin nan na ɓangare ɗaya ne cikin masu faɗa, bai kuwa zama dole a ɗauki duk abin da ya faɗa a kan Gobirawa tamkar shaidar wanda ba ruwansa ba. Sarakunan Alƙalawa Musulmi ne, suna da limamai da alƙalai, Bawa Jan Gwarzo kuma shi ne ya tara malaman ƙasarsa a Magami ran Babbar Salla wajen 1788, inda Shehu ya ƙi karɓar kyauta ya roƙi abubuwa biyar, ciki har da a girmama duk mai rawani. Duk da haka saɓanin na gaske ne. Sallama gaisuwa ce ta tsaye, kalmominta ɗaya ga sarki da talaka, kuma tana ɗora wa wanda aka gaisar nauyin amsawa kome girmansa. Afi kuwa an yi shi ne domin a ga bambanci. Malamin da ya shiga fada ya tsaya a kan ƙafafunsa ya ce salamu alaikum, ya faɗi abin da ya fi gaisuwa. Da Sarki Nafata ya hana maza naɗa rawani, mata kuma lulluɓi, alamomin jama'ar Shehu yake nema ya kawar, sallamar tsaye kuwa cikin irin waɗannan alamomi take.

Shehu ya yi hijira zuwa Gudu cikin Fabrairu 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto cikin Yuni na shekarar, Alƙalawa ta faɗi cikin 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Amma Gobir ba ta mutu ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara aka kashe Sarkin Gobir Ali, Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Wajen 1860 Ɗan Halima ya ware daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni kusa da tsohon kufai. Isa kuwa ribaɗi ce ta Sakkwato, watau garin tsaron iyaka, zuriyar Muhammadu Bello ke riƙe da ita. Barth ya bi ta nan cikin 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno, ya ambace ta da sunan Sansanin Isa. Ga garuruwa biyu maƙwabta, ɗaya na zuriyar Bawa, ɗaya na zuriyar Shehu, kowane da mai sarautar Sarkin Gobir.

Mutum zai yi tsammanin ya sami gaisuwa iri biyu a garuruwan nan, ta ribaɗi da ta tsohuwar fada. Abin da ya wakana shi ne kowane ɓangare ya ci rabi. Sallama ta game ko'ina, ba gidan da ake shiga ba tare da ita ba. Zuba ƙasa a ka ya ɓace. Amma durƙuso da cire takalmi da jinjina sun zauna daram, har a fadojin da Jihadi ya kafa. A gaban sarki ana cewa, "Ranka ya daɗe," ko "Allah ya ba ka nasara," ko "Allah ya ja zamaninka," nasara da zamani kuwa duka Larabci ne da aka ɗinka wa rigar fada. Sarki ba safai yake amsawa da bakinsa ba, fadawa ke cewa, "An gaishe ka," ko "Sarki ya gaishe ka." Ana iya cewa hukuncin nan na Risala, cewa amsar mutum ɗaya ta isar wa jama'a, ya sauƙaƙa wa malaman fada zama da wannan al'ada, ko da yake ba don ita aka rubuta shi ba.

Tsofaffin kalmomi su ma sun yi wani aiki da ba a cika lura da shi ba. Littattafan fiƙihu sun keɓe sallama ga Musulmi, alhali kuwa a ƙauyukan Gobir da Maraɗi akwai Arna masu bin addinin gargajiya har cikin ƙarni na 20, ana cin kasuwa ɗaya da su, ana shan rijiya ɗaya. Sannu da barka da lahiya ba su tambayar addinin kowa. Da su malami zai gaisa da Ba'arne ba tare da ya saɓa wa littafinsa ba, shi kuma Ba'arne ya amsa da kalmar Larabci bai san ya yi ba.

Sai zancen amin. Balarabe in an yi masa sallama ba ya cewa amin, kai tsaye yake mayarwa. Bahaushe kuwa ya ji sallama addu'a ce, roƙon aminci ne ake yi masa, a al'adarsa kuma ba a barin addu'a ta faɗi ƙasa ba a ce amin ba. Shi ya sa ya gabatar da ita, sa'an nan ya mayar da sallamar cikakkiya. Waɗansu masu karatun zamani suna ganin wannan ƙari ne da ba shi da asali, suna hana yara. Hukuncinsa na malaman fiƙihu ne. Ta fuskar ilmin harshe dai, amin ɗin nan ita ce babbar shaida cewa mutanen ƙasar sun fahimci ma'anar abin da suke faɗa, ba haddar aku suka yi ba. Kusan dukan gaisuwar Hausa a kan wannan take tafiya: "Allah ya ba da sauƙi," amin, "Allah ya raya," amin, "Allah ya kai mu," amin. Ko "Allah ya gafarta malam," wadda baki ya taƙaita ta koma alagafarta, addu'a ce aka maida laƙabi.

Mata suna da tasu hanya. Mace in za ta shiga gidan maƙwabta takan ce, "Gafara dai," ko "Gafaranku dai," a yammacin ƙasar Hausa kuma a ji, "Ahuwanku dai," a amsa mata da maraba. Gafara da afuwa duka Larabci ne, duka kuma neman yafewa ne, sai aka maida su neman izinin shiga. Ga afuwa ta sake bin dokar nan ta fa da ha. A Larabcin yau afwan ita ce amsar shukran, kamar a ce ba kome. Bahaushe da ya ari afuwan bai ɗauko wannan ma'ana ba, ban haƙuri kaɗai yake nufi da ita.

Zuwan Turawa bai taɓa gaisuwar ba, rubutunta ya taɓa. Ingilishi sun ci Sakkwato cikin Maris 1903, aka kuma shata iyaka tsakaninsu da Faransawa daga 1906 zuwa 1908, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa hannun Ingila. Da aka zo daidaita rubutun boko, tun daga ƙa'idojin Ɗan Hausa na 1912 har zuwa Hukumar Harshen Hausa ta 1955, Hausar Kano aka ɗauka ma'auni. Ƙamus na Bargery na 1934 ya kula da bambancin karin harshe ƙwarai, amma littattafan makaranta lafiya suka sani. Nan ne malaman kwalejojin horon malamai ke da abin dubawa. Daidai ne a koya wa yaron Burkusuma ya rubuta lafiya, domin rubutu ɗaya ake so ga kowa. Kuskure ne a ce masa lahiya gurɓatacciyar Hausa ce. Fa ɗin Kano ma ba irin na Balarabe ba ne, da leɓɓa biyu ake yinsa, kowane gari dai ya tanƙwara kalmar yadda bakinsa ya saba.

Kashi na ƙarshe ya iso ne a idon mutanen da ke raye. Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe cikin 1934 da malamai daga Sudan, ta koma Makarantar Koyon Larabci cikin 1947, ta fara yaye ɗalibai masu magana da Larabci, ba masu fassara shi kaɗai ba. Aikin hajji ya koma ta jirgin sama, aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina cikin 1961, tafsiri ya shiga rediyo, aka kafa ƙungiyar Izala a Jos cikin 1978, makarantun Islamiyya suka bazu har ƙauyuka, mata da 'yan mata suka shige su da yawa. Daga nan aka fara jin jazakallahu khairan a wurin da a da sai na gode ko madalla, a amsa da wa iyyaka. Aka ji barakallahu fika, a amsa wa fika barakallahu. Ran salla kuma taƙabbalallahu minna wa minkum ta zauna kusa da barka da salla. Waɗannan ba su sha cin baki ba tukuna. Mai faɗarsu yana ƙoƙari ya fitar da kha daga maƙogwaro, harafin da kakansa ya maida ha cikin alheri, ya kuwa san Larabci yake yi.

Akwai abin da ya sauƙaƙa wa Bahaushe wannan sabon aro. Larabci yana bambanta namiji da mace da jam'i cikin lamirin wanda ake yi wa magana: alaika, alaiki, alaikum. Hausa tana da gare ka, gare ki, gare ku. Wannan kama ba aro ba ce, gado ne, gama Hausa da Larabci dangi ne na nesa cikin babban gidan harsunan Afirka da Asiya, kamar yadda Greenberg ya tabbatar cikin rabon harsunan Afirka da ya kammala cikin 1963. Saboda haka yarinyar Islamiyya ba ta shan wuya kafin ta gane jazakillahu ake ce wa mace, a amsa wa iyyaki, abin da ke ba Bature wahala.

Ba kome ne ya sami shiga ba. Sabahul khairi da amsarta sabahun nur, waɗanda su ne gaisuwar safe a Masar da Sham, ba su wuce ajin Larabci ba, domin ina kwana ta riga ta tare wurin. Ahlan wa sahlan ta tsaya ga taron malamai da allon maraba da baƙi. Harshe ba ya aron abin da yake da shi sai in sabon ya zo da wata daraja, darajar da ta ɗauko jazakallahu kuwa ita ce lada, ga shi an ruwaito falalarta cikin hadisi. Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne ɗaukar na gode da madalla da barka kadai tamkar gaisuwar jahilai. Wanda ya raina barka domin ya ce barakallahu, kalma ɗaya ya raina ya kuma ɗaukaka.

Shekarun baya bayan nan sun ɗora wa kalmomin nan nauyin da ba su ɗauka ba tun zamanin yaƙe-yaƙen Gobir da Sakkwato. Daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a gabashin jihar Sakkwato, dubban mutane suka ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi. Cikin Mayu 2020 aka kashe fiye da mutum 60 a Garki da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Sabon Birni. Cikin Satumba 2021 aka kai wa sansanin jami'an tsaro na Burkusuma hari, a watan nan kuma aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa, ɗan da ke Legas ko Kano ya rasa hanyar da zai ce wa mahaifiyarsa ina kwana. Cikin Disamba na shekarar aka ƙone matafiya cikin mota a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa.

A irin wannan hali ne bambancin lahiya lau da alhamdu lillahi ke fitowa fili. Ta farko labari ce, tana cewa ba abin da ya faru. Ta biyu ba ta ce kome a kan halin da ake ciki ba, godiya ce ga Allah wadda malamai suka koyar a yi ta cikin daɗi da wuya, saboda haka wanda ya kwana a daji yana iya faɗarta bai yi ƙarya ba, bai kuma karya ladabin gaisuwa ba. Mai kunne yakan gane. In aka ce, "Ina kwana?" aka ji, "To, alhamdu lillahi," da jan murya, ba a ambaci lahiya ba, mai tambaya ya san ya kamata ya zauna ya ji sauran. Haka "da sauƙi" take a bakin majinyaci, haka "da godiya" take a bakin wanda aka yi wa gaisuwar haƙuri.

Akwai kuma tsohuwar gaisuwar da ake yi wa wanda ya tsallake rijiya da baya, wanda kwale-kwale ya kife da shi ya fita, ko macen da ta sauka lafiya bayan doguwar naƙuda. Ana ce masa, "Barka da arziki." Kalmomin biyu duka na kashin farko ne, baraka da ar-rizƙ, sun daɗe har ba mai jin baƙuncinsu. Ita ce aka yi ta yi wa waɗanda suka komo gida daga hannun masu garkuwa bayan an sayar da gona ko shanu an fanshe su. Maƙwabta su shigo, mata su ce ahuwanku, maza su yi sallama daga zaure, kowa ya ce barka da arziki, mutanen gida su ce barka kadai, ko kuwa barkanmu dai.